Lambu a Saman Benen Motoci

Mu mutanen arewacin Holan ba ma iya ganin ruwa yana tafiya a banza. Kakanninmu sun ƙare rayuwarsu suna korar teku, mu kuma mun koma tattalin ruwan sama kamar man shanu. Shi ya sa da aka hana motoci shiga tsakiyar gari, aka mai da tsohon benen ajiye su wurin jama'a, rufinsa kuma lambu, abin da Tjeerd shugaban masu lambu ya fara yi shi ne toshe magudanan rufin. Wai kada ɗigo ɗaya ya kuɓuce wa kabeji da dankali.

Kowa ya dinga hawowa da ƙasa a bayan keke, buhu-buhu, babu mai cewa ya isa. A hawan da ke ƙarƙashin lambun kuwa aka buɗe gidan renon yara, nan jikata Wietske take wuni.

Ni na fara ganin jan ruwa mai tsatsa yana tsiyaya daga silin, ga ɓarɓashin siminti a inda yaran suke wasa. Mota takan zo ta tafi, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa zama take yi.

Na kai maganar taro. A wajenmu ba a yanke komai sai kowa ya yarda, ana kurɓar kofi da biskit ɗai-ɗai. Aka saurare ni cikin ladabi har na ji kamar in kifar da butar.

"Haba Aukje," in ji Tjeerd yana murmushi, "ginin da ya ɗauki motoci shekara da shekaru, shi latas zai kayar? Tsufa dai ya zo miki da tsoro."

Aka ɗage zancen sai taron wata mai zuwa.

Sai sama ta ɓalle, kwana da kwanaki ba ƙaƙƙautawa. Na roƙi 'yata ta bar yarinyar a gida, ta ce, "Mama, yaushe muka fara fashi saboda ruwa?" Ta sa mata rigar leda, ta ɗora ta a keke.

Na ɗauki sandar ƙarfe na hau rufin. Ruwa ya shanye kunyoyi, ya kawo mini ƙauri. Na lalubo bakin magudanar, ina zaton toshiyar roba ce. Ashe Tjeerd ba ya aikin ganin ido, da siminti ya liƙe ta.

Ina durƙushe ina sara, ina jiyo waƙar yaran daga ƙasa. Sai na ga ruwan duka ya fara gangarawa a hankali zuwa tsakiyar rufin, inda babu magudana ko ɗaya. Rufin ya fara lotsawa.