Bango Mai Araha

Kabarin mahaifiyar Lupe yana ƙofar gidansu a gaɓar tsibirin Savai'i, teku kuma kullum sai ƙara matsowa yake. Da gwamnati ta ce ƙauyen ya zaɓi injiniyan da zai tsara bangon tare ruwa, Lupe ta roƙi kawunta Leota, shugaban kwamiti, ya ɗauki wata mata da ta daɗe tana wannan aiki.

"Ke Lupe, dutse ai dutse ne," in ji shi. "Saurayin nan ya fi araha. Rarar kuɗin ma allon sanarwa za mu kafa da ita."

Saurayin ya zo lokacin da ruwa ya janye, ya gama awonsa ko takalminsa bai jiƙe ba.

Da babbar igiyar ruwa ta farko ta iso, bangon ya kwanta mata cikin ladabi. Da safe Lupe ta tarar gefen kabarin ya zabtare. Allon kuwa yana tsaye ƙyam, da sunan Leota ɓaro-ɓaro.

Ta miƙa wa kawun shebur.

"Kawu, taso mu matsar da kabarin ƙanwarka gindin allonka. Shi kaɗai teku ke jin kunya."