Simintin da Bai Kama Ba

A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, Malama ta sa hantsaki ta ɗauko curin simintin daga cikin kwalba. Kafin ta kai shi faranti ya zagwanye, ya zubo mata a safar hannu kamar majina. Ta yamutsa fuska ta buɗe kwalba ta gaba. Ita ma haka. Ruwan gishiri mai ɗumi da aka jiƙa su a ciki, a madadin ruwan jikin mutum, ya koma fari-fari yana wani ƙarni.

Ba simintin gini ba ne. Garin kalsiyam fosfet ne, sinadarin da ƙashin ɗan Adam ke ɗauke da shi. Ana kwaɓa shi a ɗura a inda ƙashi ya zaizaye, ya daskare a can ciki. Tun bara take gwada ƙara masa folima, wani sinadari mai yauƙi, don kwaɓin ya riƙa bi ta bakin sirinji ba gardama. Ya kuwa bi, sumul. Sai dai folimar ta lulluɓe ƙwayoyin garin, ta hana su sarƙewa da juna, ruwa na taɓa su suka rabu.

Turaren Farfesa, shugaban sashen, ya riga shi shigowa.

"Dakta, mutanen kamfanin da muke neman tallafinsu na hanya fa."

"Ranka ya daɗe, sun narke. Folimar ta yi yawa. Sai an rage an sake."

"A sake? Yau?" Ya leƙa farantin, ya ja baya yana toshe hanci. "Ina waɗancan masu kyau na kan kanta?"

"Waɗancan a na'urar zafi aka gasa su. Ba su taɓa shiga ruwa ba."

"To su shiga yanzu."

"Farfesa, ai mara lafiya ba a gasa shi."

Dogo, abokin aikinta, ya fara dariya, ya ga fuskar Farfesa, ya mayar da ita tari.

"'Yata," in ji Farfesa, ya sassauta murya, "sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In suka tallafa mana, ki yi ta sakewa har ki gaji. Dogo, wanke kwalaben nan."

Dogo ya zubar da aikinta a wurin wanke hannu, ya zuba sabon ruwa, ya jefa gasassun ɗaya bayan ɗaya. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Da hantsi baƙin suka iso, wakilin kamfanin a gaba, mai hoto a bayansa. Farfesa ya naɗe hannun riga, ya tsamo curi guda, ya ƙwanƙwasa shi a tebur: ƙwas, ƙwas.

"Kwana da kwanaki yana cikin ruwa," ya ce. "Ku ji da kunnenku."

Aka tafa. Malama ta buɗe baki za ta yi magana. Sai mai hoto ya ce, "Madam, a ɗan matso tsakiya. A riƙe abin. Murmushi!"

Ta matso. Ta riƙe. Ta yi.

Bayan an ci an sha, tana goge tebur, wakilin ya dawo ɗaukar jakarsa yana sakace. Ta duba ƙofa, babu kowa.

"Yallaɓai, waɗancan da ka gani gasassu ne. Na gaskiyar sun narke."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya tofar da abin da ya zaƙulo daga haƙorinsa a wurin wanke hannu, a kan ragowar farin taɓon.

"Na sani mana. Ni ma kimiyyar na karanta kafin in yi hankali. Wane siminti ne zai kwana a ruwa ya bar shi garau haka? Hoton muke so, Dakta. Masu zuba jari ba sa taɓa siminti."

"In aka kai ga ɗura wa mutane fa?"

"Kafin nan kin gyara. Ba ke ce dakta ba?"

Ya miƙo mata hannu, ya tuna mace ce, ya mayar da shi aljihu, ya fita. Ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Da la'asar tana matse a cikin bas, wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, wadda ciwon ƙugu ya mayar da ita sallah a zaune.

"Auta, yayanki ya nuna min hotonki a waya! Har maƙwabta na kira suka gani. An ce kin haɗa simintin gyaran ƙashi. To ni ce ta farko, kin ji? Kada ki sa bare a gaba."

Malama ta juya fuska wajen taga, ta rage murya.

"Mama, kada ki yarda kowa ya sa miki abin nan. Ko ni ce."

"Ba shi da kyau ne?"

"Bai kama ba. Narkewa yake yi."



"Ikon Allah," in ji tsohuwar. "To me kike wa murmushi a hoton?"