Likitan Baba

Auta tana gyara wa Baba matashi a ɗakin masu ciwon zuciya sai wayarta ta yi ƙara. Ta fita baranda ta duba. Saƙo ne a shafin intanet da manyan ma'aikata ke baje ƙwarewarsu, inda take farautar likitoci tana haɗa su da asibitocin ƙasashen waje. Da wannan aikin take ci.

"Na amince. Ƙarshen wata zan tafi."

Mai saƙon shi ne babban likitan tiyatar zuciya na wannan asibiti, kuma babu wani sai shi. Tun bara take binsa da daɗin baki yana ƙi, tun Baba yana hawan kekensa garau. Da ciwo ya kwantar da Baba ta daina tura masa komai, amma ba ta janye tayin ba. Ga shi an sa tiyatar Baba wata mai zuwa.

Ta same shi a ofis yana wanke hannu da ruwan bokiti.

"Likita, ni ce mai yi maka saƙo. Tsohon nan na gadon ƙarshe mahaifina ne."

Ya ɗago ya dube ta. "Ashe ke ce."

"Don Allah ka ɗaga tafiyar, ko da wata ɗaya."

"Jiya wuta ta ɗauke ina tsakiyar aiki, janareto ya ƙi tashi. Da fitilar waya muka ɗinke yarinya, ba ta kai safe ba." Ya goge hannunsa a riga. "Ke kika rubuto min cewa hannuna ya fi ƙarfin wurin nan. Masu asibitin can sun ce in ban zo ƙarshen wata ba, wani za su ɗauka. Ƙarya ne?"

Ba ƙarya ba ne. Ita ta tsara sharaɗin da kanta.

Tana fitowa Oga, shugabanta a wurin aiki, ya kira, murya har da rawa. "Kin kamo babban kifi! Gobe ki shigo da wuri, akwai wasu uku da nake so ki taɓa."

"To, ranka ya daɗe," ta ce.

Kafin la'asar labari ya zaga ɗakin. Nas ta bi gado-gado tana cewa an ɗage duk wata tiyata sai an sami wani likita. Yaya, babban wansu, ya buga cinya.

"Allah ya isa tsakaninmu da masu zuga likitocinmu su tafi! Ko tausayi babu?"

"Bar zagi," in ji Baba, yana numfashi da ƙyar. Ya lalubo hannun Auta ya riƙe. "Ke ba aikinki ke nan ba, nemo manyan mutane a waya? Ai mun huta. Nemo mana wani, uwata."

Yaya ma ya juyo yana kallonta, fuskarsa ta ɗan saki.

Auta ta buɗe shafin, ta rubuta "likitan tiyatar zuciya". Fuskoki suka jero, kowanne da farar riga da murmushi, kowanne a wata ƙasa. Da yawansu ita ta kai su.

"Ina dubawa, Baba," ta ce.