Ƙyallen da Ke Cikin Takalmin

Tun da aka rufe masaƙar da maigidana yake aiki na ɗauki alkawari: duk abin da ba a ƙasar nan aka yi shi ba, ba zai shiga kwandona ba. A baki abu ne mai sauƙi, a kanti kuwa wahala ce tsagwaronta. Sai in ɗauki gwangwanin tumatir in yi ta juya shi, in ƙanƙance ido ina neman inda aka rubuta wurin da aka yi shi. Sayayyar rabin awa ta koma ta awa biyu. Shinkafar da nake saye sai na tsince tsakuwa, sabulun kuma yau ya yi kumfa, gobe ya ƙi. Na gaji ƙwarai, taurin kai ne kawai ya hana ni fasawa. Shi kansa wanda nake yi dominsa yakan jingina da bango ya ce, "Malama mai bincike, in kin gama karatun ki tashe ni."

Bayan shekara biyu yana zaune, aka kira shi ganawar neman aiki ranar Litinin. Takalminsa guda ɗaya tilo kuma ya buɗe baki. Ranar Asabar muka shiga wani babban kanti, ya ɗauki sau-ciki ruwan ƙasa ya sa, ya zauna masa cif. Na karɓa na leƙa ciki. Ga wani ɗan ƙyalle an ɗinke, da tutar wata ƙasa da rubutun da ban iya karantawa ba.

"Ajiye shi," na ce.

"Haba, ya fa yi mini daidai."

"Aikin inji ne, da gam aka manna. Ruwa ɗaya zai doke shi ya rabu gida biyu. Ubana baduku ne, ba za ka je neman aiki da takalmin waje ba."

Da ƙarfi na faɗa, don mai kantin ya ji. Ya ji kuwa, ya dube ni ya yi ɗan murmushi.

Daga nan na wuce rumfar Baba ni kaɗai. Da kunya na shiga, don na yi wata biyar ban leƙa shi ba. Shekara arba'in yana ɗinkin takalma a wannan lungu, kuma duk wanda ya gama sai ya gasa wani ɗan ƙarfe a wuta ya buga masa tambari a ciki, hoton ƙaramin kifi. Muna yara har faɗa muke yi a kan wa zai hura masa garwashin. Na same shi a sunkuye, tabarau a kan hanci, yana jan zare da basilla.

Muka gaisa, ya tambayi jikoki, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Da yake bakina ba ya ajiye magana, na ba shi labarin kantin kaf, har da yadda na wanke takalmin nan tas a gaban mai shi.

"Wane kanti?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Na faɗa.

"Ruwan ƙasa, mai ɗinki biyu a dunduniya?"

"Shi, Baba. Ka taɓa ganinsa?"

Sai da ya ƙarasa jan zaren ya ƙulle, sannan ya sa ƙafa ya turo mini wani kwali daga ƙarƙashin benci. Na buɗe. Takalman ne a jere, irinsu sak. A gefe ga wani tsohon gwangwanin madara cike da ƙyallayen nan masu tuta.

Na zauna a kan bencin.

"Mai kantin ne yake kawo ƙyallen," in ji Baba. "Da na kai masa babu shi, wata uku suna shan ƙura. Da aka ɗinka, ba sa kwana biyu. Ni kuma ban iya wata sana'a ba, 'yar nan."

Babu fushi a muryarsa, shi ya fi ƙona mini rai. Da ya yi mini faɗa ma da na ji sauƙi. Shekara biyu ina karanta gwangwani, amma an miƙo mini ɗinkin ubana a hannu na kasa gane shi, har na zage shi a cikin mutane.

"Ki yi haƙuri da zancen gam ɗin dai," ya ce. "Ban taɓa mannawa ba."

Ya tambayi lambar ƙafar surukinsa, ya zaɓo guda ya goge da hannun riga ya miƙo mini. Na ɗauki rezarsa na shiga warware ƙyallen a hankali. Da ya fita, sai ga ɗan kifin a ƙarƙashi, an buga shi sosai a jikin fatar.

"Har yanzu kana bugawa, Baba?"

"Hannu ya saba. In buga, in rufe."

Na ce yanzun nan zan koma kantin in faɗa wa duk wanda ya ɗauki takalmin wanda ya yi shi. Ya girgiza kai.

"Kada ki soma. In suka san ni ne, sun daina saye."

Na dunƙule ƙyallen zan jefa cikin shara, sai ya miƙo hannu.

"Kawo nan, kada ki lalata shi. Zan ɗinka wa wani."

Ya shimfiɗa shi a kan gwiwarsa, ya miƙar da shi da babban yatsa, ya mayar cikin gwangwanin.