Awa Ɗaya ta Ummukulthum

Ga ta nan tafe, jikokina, ku gyara zama.

Ta iso, Inna, kunnuwanmu na gare ki.

To, akwai wata malamar kimiyya a Shagari, Ummukulthum, mai son abin da ke yawo a sama. Ta sayi wata 'yar na'ura kamar ɗan yatsa, a soka ta jikin kwamfuta, ta haɗa eriya da sandunan ƙarfe biyu. Idan tauraron ɗan Adam mai duba yanayi ya gitta, sai ta kama saƙonsa, hoton gajimare ya fito, ta nuna wa manoman ƙauyen Mandera ko hadari na tafe.

Ɗan kawunta Maniru, babban ɗan kasuwar albasa a Bodinga, ya ga abin ya yi sha'awa. Ya sayo rediyo kamar akwatin amarya da eriya mai juyawa. Amma lissafin lokacin wucewar tauraron ya fi ƙarfinsa. Ita ke rubuto masa duk mako.

Ranan nan ƙungiyar manoma ta ce mutum ɗaya za ta riƙa jin bayani daga gare shi. Maniru ya miƙe gaban dattawa ya ce, "Ni nak koya mata. Kayanta ko, tarkacen bola ne."

Aka yi dariya. Maganar ta iso mata har aji. Ba ta yi kuka ba, jikokina, amma kwana uku tuwo bai wuce mata ba.

Aka sa ranar gwaji tsakaninsu a Mandera. Jajibirin ranar Maniru ya kira ta ba kunya: "Ƙanwata, turo min lokaci."

"To, Yaya."

Ita kwamfuta, da agogon Turawa na GMT take ba da lokaci, wanda namu ya ɗara da awa ɗaya. Da, ita ke ƙara masa awar. Wannan karon ta tura yadda ya fito: takwas da arba'in.

Da safe ta ce, "Babba shi ka farawa." Ta zauna gindin dalbejiya tana ɓare gyaɗa.

Takwas da arba'in Maniru ya saita eriya, ya murɗa nan, ya murɗa can. Shuuu kawai kake ji. Gumi ya jiƙa masa malum-malum.

Wani dattijo, Na'Allah, ya ce, "Alhaji, wanga akwati gajimare shika kamawa ko suya shikai?"

Maniru ya ce, "Tauraron ya lalace yau!" Ya kwance kaya ya zuba a mota.

Tara da rabi ta kakkaɓe zanenta, ta kafa sandunanta. Minti goma sai hoto ya fara saukowa layi-layi, ga Sakkwato, ga hadari ya taso daga gabas.

Na'Allah ya ce, "Ashe ya warke."

Maniru ya matso, murya ƙasa-ƙasa: "Kin cuce ni."

Ta ce da ƙarfi, kowa na ji, "Yaya, kai da kak koya min, ƙarfe nawa tauraron za shi dawo gobe? Gaya musu."

Ya juya ya shige motarsa.

Ummukulthum ce ke nuna wa manoman hoto har yau. Maniru ya sayar da rediyonsa ya koma kan albasarsa, kuma shekara biyu ba su gaisa ba sai da mahaifinsa ya tara su. Na'Allah kuwa ya rasu bara.