Inci Huɗun Wilfred

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, a garin Keighley na ƙasar Ingila an yi wani tsohon kafinta, Wilfred Ackroyd, dogo ne zanƙalele, ƙafa shida da inci uku. Shekara arba'in yana kafa wa mutane daɓen katako. Da matarsa ta rasu, ɗansa Gareth ya ce ya dawo wurinsu, za a gyara masa kogon da ke tsakanin silin da rufi ya zama ɗakinsa.

Ranar da za a fara aiki, Wilfred ya hau tsani da tef ɗinsa na awo. Daga kan tsohuwar azara zuwa ƙololuwar rufi ƙafa bakwai cif. Sai dai tsohuwar azarar siririya ce, inci huɗu, silin kawai take iya riƙewa. Dole a kawo sabuwa mai kaurin inci takwas. Allunan daɓe da abin tare sanyi kuma za su ci inci huɗu. Tsoho ya lissafa a ransa, ya ga in aka ɗora sabuwa a kan tsohuwa ƙafa shida kacal za ta rage, ya sauko.

"Stuart," ya ce wa kafintan da aka ɗauko, "ka zura sababbin a tsakanin tsofaffin. In ka ɗora su a kai, an cinye mini inci huɗu a banza."

"Gaskiya ne, Dattijo," in ji Stuart. "Amma sai an janye wayoyi da bututun ruwa, kuma silin ɗin ƙasa zai iya tsagewa."

Denise, matar Gareth, ta dire kofin shayinta. "Silin ɗin ɗakina? Wanda aka gama yi wa furanni watan jiya? Baba, kai ma dai da neman magana!"

"'Yar nan, tsaga ai ana liƙe ta. Ni kuwa ba zan iya miƙewa ba."

Gareth, wanda gajartar uwarsa ya ɗauko, ya haye sama, ya tsaya a tsakiya yana ɗaɗɗaga hannu. "Dubi fili, Baba! Har rawa sai ka taka."

"Kai ka auna da kanka, ni ne zan zauna."

"Haba, tsoho," Gareth ya ce yana dariya, "shekararka saba'in da shida. Nan gaba ai ƙasa za ka yi, ba sama ba. Ɗakin zai jira ka."

Denise ta yi dariya har da riƙe ciki. Stuart ya sunkuyar da kai, ya ce mai duba gini na hukuma ba zai yarda da ɗakin kwana mai gajarta haka ba.

"Wa ya ce ɗakin kwana ne?" in ji Denise. "Ɗakin ajiya ne. Wa ke kiran hukuma don tarkace?"

Haka aka ɗora azara kan azara. Wilfred yana zaune a matakala yana jin kowace ƙusa, ya san inda ta shiga. Ran da aka gama, ya hau, ya je daidai tsakiya inda ya fi tsawo, ya gwada miƙewa. Ƙum! Ƙafa shida, yadda ya lissafa, ko rabin inci bai kuskure ba.

Ku ji fa, jikokina, mutumin da bai taɓa sunkuya wa kowa ba ya koma sa wando a duƙe, aske gemu a duƙe. Da fari yakan sauko falo ya miƙe bayansa, sai Denise ta ce yana tare mata talabijin. Gwiwa ma ta fara ƙin matakala. Aka koma miƙa masa dankali da wake a faranti, a ajiye a bakin ƙofa.

Bayan hunturu biyu, wata Lahadi Gareth ya hau da baƙi yana nuna musu aikin gida. Suka tarar da tsoho a tsaye a tsakar ɗaki, baya ya lanƙwashe kamar lauje, kansa bai kai rufi ba.

"Kun gani?" in ji Gareth, yana zura hannu tsakanin kan ubansa da rufin. "Ban faɗa ba? Har da sauran wuri!"

Wilfred ya koma bakin gado ya zauna. A aljihunsa tef ɗin awo yake, ya daina fito da shi.

Ya rasu da bazarar da ta biyo. Stuart ya bar garin ya koma Leeds. Gareth da Denise suna nan lafiya lau, sun zuba akwatuna da bishiyar Kirsimeti ta roba a ɗakin, silin ɗin Denise kuwa ko tsaga ɗaya bai yi ba.