Zaren Inna Buasi

Maƙwabciyata Inna Buasi 'ya'ya biyu ta haifa, yaƙin Laos ya raba mata su kamar gado. Tongsuk, babban, sojan sarki ne, ya yi ƙiba da shinkafar da jiragen Amurkawa ke jefowa. Unhuan kuwa ya bi 'yan gurguzu daji, ya rame, sai baki.

Da aka ji rundunoninsu za su gwabza a gadar ƙasan ƙauyenmu, sai tsohuwar ta kwanta. Ta aika wa kowannensu cewa kurwarta ta fita yawo, in ba a yi mata basi, wato bikin kiran kurwa, an kirawo kurwar ba, sai dai su tarar da gawa. Ni na kai saƙon, har da hawayena, alhali da safiyar ranar a gabana ta tashi da kwandon shinkafa mai danƙo ita kaɗai.

Rana ɗaya suka iso. Ta sa suka jingine bindigogi a gindin tsani kafin su hau gidan, da yake a kan dirkoki aka gina shi. Aka kewaye tiren furanni, dattijo ya kira kurwa, aka ɗaura wa Inna farin zare a hannu. Sai marar lafiya ta miƙe zaune, wai ita ma za ta sa wa 'ya'yanta albarka. Ta kama hannun daman Tongsuk da hagun Unhuan, ta naɗe su da zare ɗaya, ta ƙulle.

Kowa ya san zaren basi ba a yanka shi, ba a kwance shi sai ya kwana uku. Unhuan ya ce wannan camfi ne da ake danne talaka da shi.

"To yanke mana, malam," in ji Tongsuk. "Ga wuƙa."

"Kai ka yanke, Yaya. Ai ku ne masu almakashin Amurka."

Babu wanda ya yanke. Tare suka ci, tare suka yi wanka a rafi, tare suka zaga bayan gida suna zagin juna. Mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle.

Washegari aka fara ɓarin wuta a gada, dariya ta ɗauke. Tun safe har la'asar ƙasa na girgiza. Na ji tsoro ƙwarai, don samarin da ke can, ta kowane ɓangare, mun san iyayensu.

Da na hau kai musu abinci, na same su zaune suna sauraron ƙarar harbin. A nan na lura ƙullin ya daɗe da warwarewa, don yatsun Inna sun tsufa, ba sa ƙulli mai ƙarfi. Bakin zaren yana cikin tafin Tongsuk, ya damƙe shi. Unhuan ya ga na gani.

"Goggo, ajiye kwandon ki sauka," ya ce, ya ƙara matso da hannunsa jikin na yayansa.